Igwar da ke zaune tana jiran tanka

Bayan shirin jiya wani mai saurare daga Abalak ya aiko tambaya: wagga doguwar igwa mai ƙafafun mota da ake gani ana ja a yaƙin Ukraine, me ya hana a kawo irinta arewacinmu?

Ana ce mata MT-12, ƙirar Tarayyar Sobiyet ce ta wajen 1970, ƙanwar T-12 da ta shiga aiki a 1961. Faɗin bakinta milimita 100, nauyinta ya kai tan 3, sai soja shida ko bakwai ke sarrafa ta. Abin da ya bambanta ta da igwogin yaƙin duniya na biyu shi ne cikin bututunta sumul yake, babu zare. Haka ya sa take iya harba wani siririn ƙarfe mai kama da kibiya da gudun fiye da mita 1,500 a daƙiƙa, ya huda sulken tanka da ƙarfinsa kawai, ba da fashewa ba. An yi ta gajera don ta ɓuya, da garkuwar ƙarfe a gaba, da ƙafa biyu a baya da ake buɗewa a kafe cikin ƙasa.

To ga matsalar. Ita ba ta tafiya da kanta. Sai an ja ta, an kwance ta, an girka ta, sannan a zamna jiran tanka ta biyo hanyar da anka san dole nan za ta bi: gada, ko bakin gari. Wanda ya san dajin Tassara ya faɗa mini, ina hanya ɗaya take?

Amsar maƙwabtanmu na Cadi sunka ba da ita. Ranar 2 ga Janairun 1987, a garin Fada, sojojin Hassan Djamous sunka afka wa rundunar Libiya cikin motocin Toyota. Faransa ta ba su makamin MILAN, mai linzami ta waya, wanda ke kaiwa kilomita 2, mutum biyu sun isa su harba shi. Su harba, su bar wurin, su ɓullo ta wani gefe. Tankoki T-55 wajen 90 sunka ƙone. A watan Maris Wadi Dum ma ta faɗi. Shi ya sa har yau ake ce masa yaƙin Toyota.

Ni a ganina ma ba nan tambayar take ba. MT-12 don tanka anka yi ta, mu kuwa ba tanka ke zo mana ba. Ranar 21 ga Maris 2021, waɗanda sunka shiga Intazayene da Bakorat, yankin Tillia, a kan babura sunka zo, gwamnati ta ce mutum 137 sunka rasu. Allah ya jiƙan su. Kafin a gama kwance igwa mai tan 3 daga bayan kamiyo, mai babur ya riga ya sha kwana bayan tudu.