Daga Idon Saniya Zuwa Gwiwar Ɗan Adam

A shekarar 1934 ne Karl Meyer da John Palmer na Jami'ar Columbia suka tsamo wani sinadari mai yauƙi daga idon saniya, suka raɗa masa suna hyaluronic acid. Irinsa ne ke cikin ruwan gwiwa, yana rage gugar ƙasusuwa. Idan amosanin gaɓɓai ya cinye guringuntsi, ruwan kan tsinke, tafiya ta zama azaba.

Endre Balazs, haifaffen Hungary, shi ya tace sinadarin daga zankon zakara, aka kuma jarraba allurar a kan dawakin tsere. Japan ta amince a yi wa mutane ita a 1987, Amurka ta bi sahu a 1997.

Sai dai farin jini bai kashe gardama ba. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙashi ta Amurka ta ƙi ba da shawarar amfani da ita. A 2022 wani nazari a mujallar BMJ ya nuna sauƙin da take kawowa bai ɗara na allurar da ba magani a cikinta ba sai kaɗan. Ba ta mayar da guringuntsin da ya zaizaye, shi ya sa har yau likitoci ke farawa da motsa jiki da rage ƙiba.