Na'urorin da ke sa ido kan lafiyar roka

Kowace babbar roka da ake harbawa sararin samaniya tana ɗauke da ɗaruruwan ƙananan na'urori masu auna abin da ke gudana a jikinta.

Wasu na auna matsi a tankunan mai da injuna, wasu zafi ko girgiza, wasu kuma yadda rokar ke juyawa.

Kwamfutar rokar da injiniyoyin da ke ƙasa sun dogara ne da bayanansu. Idan matsi ya faɗi a inda mai ke ƙonewa, kwamfutar na iya kashe injin kafin ya tarwatse.

Illar kuskure

A watan Yulin 2005, hukumar NASA ta Amurka ta ɗage harba kumbon Discovery bayan da ɗaya daga cikin na'urori huɗu masu auna yawan mai a tankinsa ta samu matsala.

A shekarar 2013 kuwa, wata rokar Proton ta Rasha ta faɗo jim kaɗan bayan tashinta daga Baikonur a Kazakhstan, ɗauke da taurarin ɗan Adam uku. Bincike ya gano cewa an ɗaura na'urorin auna juyawarta a kife.

Haka kuma a 2018, wata na'ura da ta lanƙwashe ta sa rokar Soyuz ta gaza, amma 'yan sama jannati biyun da ke ciki sun tsira.

Saboda haka ne ake sanya na'urori fiye da ɗaya a muhimman wurare, domin a gano wadda ta yi kuskure.