Daga Alƙalamin Kara Zuwa Fensir: Tarihin Zanen Fuska

Tun kafin fensir ya iso ƙauyukan Bichi da Ɗambatta, akwai gwanayen zane. Su ne masu yi wa allon sauka zayyana da alƙalamin kara da tawada. Sai dai zayyana layuka ce da kusurwoyi, babu fuskar mutum.

Shi kuwa fensirin da ke hannunka, ba dalma ce a cikinsa ba, ma'adinin girafayit ne. A 1795 Bafaranshe Nicolas-Jacques Conté ya cuɗa garinsa da yumɓu ya gasa. In yumɓun ya yi yawa, fensir ya yi tauri, shi ne H. In ya yi kaɗan, ya yi laushi da baƙi, shi ne B. A nan ya yaɗu ne ta makarantun boko, irin wadda Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawar Kano a 1909.

Ma'aunin fuska ya girmi fensir nesa ba kusa ba. Sama da shekara 2,000 da suka wuce, Vitruvius, maginin Rum, ya raba fuska gida uku daidai: haɓa zuwa ƙasan hanci, hanci zuwa gira, gira zuwa matsirar gashi.

To, in za ka fara, ja waɗannan layuka da H sama-sama, sannan ka sa inuwa da B. Idanu kuma tsakiyar kai suke, kar ka haura da su goshi.