Ginin Labari a Birnin Kano: Daga Tatsuniya Zuwa Ƙagaggen Littafi

Abin da manazarta adabi suke kira zubi da tsarin labari, watau yadda mai labari yake jera al'amura ɗaya bayan ɗaya har su kai ga ƙarshen da ya nufa, ya girmi sunansa a birnin Kano nesa ba kusa ba. Tun kafin zuwan boko, yaron da ya tashi a Madabo ko Yakasai ko Ɗandago ya san cewa tatsuniya tana da ƙofar shiga da ƙofar fita, kuma abin da yake tsakaninsu ba a zuba shi barkatai. Idan tsohuwa ta gyangyaɗa ta tsallake wata gaɓa, yaran da kansu suke tayar da ita su ce ba haka take ba.

Alal misali, a dubi tatsuniyar Ruwan Bagaja. An tura 'yar bora wanki wani ruwa mai nisa don a wahalar da ita. Ta gamu da abubuwan al'ajabi a hanya, ta yi musu ladabi, ta komo gida da dukiya. Mowa ta ga haka ta tura tata 'yar, ita kuwa ta bi hanyar nan tak, ta gamu da abubuwan nan tak, amma ta yi musu rashin kunya, ta komo da abin kunya. Tafiya biyu ke nan a kan hanya ɗaya, kuma duk daɗin tatsuniyar yana ga yadda mai sauraro ya riga ya san kowane zango kafin yarinya ta biyu ta isa gare shi. Wani masani ɗan ƙasar Rasha, Vladimir Propp, ya buga littafi a 1928 inda ya feɗe tatsuniyoyi ɗari na ƙasarsu, ya tarar cewa komai bambancin sunaye da garuruwa, ayyukan da suke tafiyar da su ba su wuce 31 ba, kuma a jere ɗaya suke zuwa: a rasa wani abu, a fita nema, a jarraba mai nema, a ba shi taimako, ya komo. Sai a 1958 aka fassara littafin zuwa Ingilishi. Da an karanta wa tsofaffin Kano shi, da wuya su ji baƙon abu a ciki.

Makaranta ta biyu ita ce zaure. Ɗalibin da ya yi nisa a karatun lugga yakan kai ga Muƙamar Hariri, mai babi 50, inda Harisu ɗan Hammamu yake ta gamuwa da Abu Zaidi a gari bayan gari. Kowane babi ginin kansa ne: a gamu, Abu Zaidi ya yi wa jama'a wayo da fasahar baki, a gane shi, a rabu. Ana iya ɗauke babi na goma a mayar da shi na ashirin ba tare da an yi wa littafin illa ba. Irin wannan jeri, mai kama da na carbi, shi ne Aristotal na ƙasar Girka ya kushe tun kafin haihuwar Annabi Isa, domin a ra'ayinsa wajibi ne kowane al'amari ya zama abin da ya gabace shi ne ya haife shi. Larabawa sun fassara wannan littafi nasa a Bagadaza, Ibn Rushdi kuma ya yi masa sharhi, amma abin da ya kafu a zaurukan ƙasar Hausa shi ne nahawu da balaga da aruli. Saboda haka malamin birni yana da ma'aunin da zai gane karyayyen baiti da shi, amma ba shi da na gane karyayyen labari, kuma bai ga dalilin neman sa ba, tun da a wurinsa labarin da bai auku ba hira ce ta mata da yara.

Gasar 1933

Wannan ra'ayi ne Dokta R. M. East ya ci karo da shi. Hukumar Fassara, wadda aka fara kafawa a Kano kafin a mayar da ita Zariya, ta koma Hukumar Talifi a 1933, aka kuwa ga cewa 'yan makaranta ba su da abin karantawa na nishaɗi. East ya zaga manyan garuruwan Arewa yana tara masu ilmi yana roƙon su rubuta ƙagaggen labari mai kalmomi wajen 20,000. A wata maƙala da ya buga a 1936 ya bayyana cewa wahalar farko ita ce shawo kan malamai su yarda aikin ya cancanci a yi shi. Littattafai biyar suka fito daga wannan gasa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, mutumin ƙasar Kano, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East.

Duk mai son ganin yadda tsari yake aiki ya jera biyar ɗin nan ya duba. Matsalar da ta fuskanci marubutansu ɗaya ce: tatsuniya ba ta wuce hirar dare guda, ta yaya za a miƙar da ita ta cika littafi? Abubakar Imam, yana ɗan shekara 22, ya haɗa makarantun nan biyu. Ya ɗauki fita nema daga tatsuniya ya yi igiya da ita, sa'an nan ya zura mata 'ya'yan carbi irin na Hariri, watau karon Alhaji Imam da Malam Zurƙe a gari bayan gari. Littafin yana da daɗi ƙwarai, amma a gaskiya ana iya cire karo biyu ko uku daga cikinsa mai karatu bai ankara ba. Ganɗoki kuwa ya rabu gida biyu: ya fara da yaƙe-yaƙen zuwan Turawa, waɗanda tarihi ya san da su, ya ɓulle a duniyar aljanu, kuma ɗinkin da ya haɗa ɓangarorin a fili yake. Shaihu Umar ya fi su kamewa, domin malami ne zaune gaban almajiransa yana ba da tarihin kansa, kuma abu guda ne yake jan labarin, watau rabuwar ɗa da uwa ta dalilin bauta, wadda ta bi da yaron ta Kano har zuwa ƙasar Masar. Amma Jiki Magayi ne kaɗai aka gina bisa sababi tun daga farko har ƙarshe. Mai dukiya ya ƙwace wa saurayi budurwa, ƙwacen ya haifi neman fansa, fansar ta faɗa kan ɗan da aka haifa, ta kuma dawo kan mai ɗaukar ta. Ba a cire gaɓa ɗaya a bar sauran a tsaye. Ba abin mamaki ba ne a ce shi ne littafin da hannun East ya fi shiga.

Ba a nufin cewa tsarin Turawa ya fi na gida. Shaida ita ce Magana Jari Ce, wanda Imam ya rubuta bayan an kira shi Zariya a 1936 aka tara masa littattafan tatsuniyoyin Gabas da na Turai. Bai bar jerin carbi ba, sai dai ya samo masa dalili: aku yana ba da labari bayan labari ne don ya tsare ɗan sarki kada ya fita ya faɗa tarkon maƙiya. Kowane labari jinkiri ne, kuma rai ne yake rataye da jinkirin.

Jami'a da kasuwa

Sunayen da ake kiran waɗannan abubuwa da su a yau daga jami'a suka fito. Kwalejin Abdullahi Bayero, wadda ta zama Jami'ar Bayero a 1977, tana daf da ganuwa ta yamma, kuma a nan Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya da sashen koyar da harsunan suka yi aikin samar wa Hausa kalmomin nazari. Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara tatsuniyoyi ya buga don makarantu, daga baya ya fito da Hausa a Rubuce a 1988. Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa hanyar feɗe waƙa, kalmomi irin su jigo da warwararsa, da salo, da zubi da tsari, suka zama abincin kowane ɗalibi, aka kuma ɗora su a kan zube. Sai dai kalmar feɗewa ita kanta ta faɗi gaskiyar lamarin. An koya wa ɗalibi yadda zai buɗe cikin labarin da wani ya gama, ya amsa tambayar jarrabawa. Ba safai aka koya masa yadda zai tayar da nasa ba. Mahauci da makiyayi duk sun san saniya, amma sanin ba iri ɗaya ba ne.

Waɗanda suka tayar da labaran kuwa yawancinsu ba daga ajin nazari suka fito ba. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, kamfanonin ɗab'i suka ja baya, matasa maza da mata suka shiga buga littattafansu da kuɗinsu. Ƙungiyar Raina Kama ta haɗa irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba Cheɗiyar 'Yangurasa, waɗanda sunayensu ma na cikin birni ne, da Balaraba Ramat Yakubu. Malamansu na tsari uku ne: tatsuniyar da suka ji a ɗakin kaka, da finafinan Indiya da Kanawa suka daɗe suna kallo, da kuma aljihun mai saye. Na ukun nan ya fi tsanani. Tsadar takarda ta sa ana raba littafi kashi-kashi, kuma in ba a yanke kashi na ɗaya a daidai inda zuciya take rataye ba, ba mai komowa neman na biyu. Da haka marubuta suka ƙware wajen ɗaure mai karatu. Ta nan kuma cutar ta shigo, domin labarin da ya isa ya ƙare a kashi na biyu sai a ja shi zuwa na huɗu, a cika shi da haɗarin mota da gamon katar da dogayen wasiƙu. Ibrahim Malumfashi, wanda ya laƙaba wa wannan rubutu sunan Adabin Kasuwar Kano, ya soke shi da ƙarfi, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka kare shi a jaridu. Amma muhawarar ta fi karkata ga jigo da tarbiyya da ingancin rubutun a dunƙule. Batun yadda aka ƙulla labaran bai sami rabon da ya kamace shi ba.

Da an tsaya a kansa, da an ga abin lura a Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat, wanda ya fito a 1990. Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta. Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe su, 'yarta Saudatu ta yi aure na gari. Shi kuwa gobara ta cinye masa rumfa a kasuwa, amaryar ta juya masa baya, ya komo yana neman sulhu. Mowa da bora ne aka ɗauko daga tatsuniya aka zaunar da su a gidan ɗan kasuwar Kano: hanya biyu, ɗaya tana hawa, ɗaya tana gangara. Abin da marubuciyar ta ƙara shi ne sababi irin na Jiki Magayi, da kuma ƙarshen da tatsuniya ba ta san shi ba, domin komawar Rabi ɗakinta ba murna ba ce tsantsa, matsin dangi da na al'ada yana ciki. Aliyu Kamal na Jami'ar Bayero ya fassara littafin zuwa Ingilishi, wani kamfani a ƙasar Indiya ya buga shi a 2012.

Bayan fitowar fim ɗin bidiyo na Turmin Danya a 1990, marubuta da dama, har da Gidan Dabino da Balaraba, sun shiga harkar fim, inda dole a yanka labari fitowa-fitowa kafin a ɗauki na'ura, kuma kowace fitowa kuɗi ce. A 2016 kuma Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta gajerun labarai don mata, ya ƙayyade kalmomin kowane labari tsakanin 1,000 da 1,500. East ya nemi malaman 1933 su miƙar da hirar dare guda ta kai kalmomi 20,000. Jikokinsu mata, waɗanda suka saba da littafi mai kashi huɗu, an nemi su mayar da shi hirar dare guda.