Tarihin Kunna Lofe a Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

Gabatarwa

Masana tarihin ƙasar Katsina sun fi mayar da hankali ga sarauta da yaƙe-yaƙe da fatauci, ba safai sukan waiwayi ƙananan al'amuran yau da kullum ba, alhali kuwa a cikin irin waɗannan ne sauyin zamani ya fi bayyana. Wannan lacca za ta ɗauki ɗaya daga cikinsu, watau hanyar da mashayin taba yake samun wutar kunna lofensa a ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi. Hanyoyin guda huɗu ne: garwashi, da ƙyastu, da ashana, da laita. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, zaɓin da mutum yake yi a tsakaninsu ya rataya ne ga inda yake zaune, da abin da yake cikin aljihunsa, da kuma mutumin da ya dogara gare shi.

Zuwan Taba

Taba baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Asalinta daga nahiyar Amurka ne, Turawa kuma ba su san ta ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492. Wajen ƙarshen ƙarni na 16 ta riga ta shiga Afirka ta Yamma ta bakin teku da kuma ta hanyoyin Sahara, har ta haddasa jayayya a tsakanin malamai. A 1607 Shehu Ahmad Baba na Tumbuktu ya ba da fatawar halascinta, wasu kuwa suka tsaya a kan haramci, kamar yadda daular Masina ta hana ta a ƙarni na 19. Saboda sanin lokacin zuwanta ne masu tonon kufai a Afirka ta Yamma sukan ɗauki fasasshen lofe a matsayin shaida cewa an zauna wurin bayan shekara ta 1600.

Ƙasar Katsina ta karɓi wannan baƙuwa hannu bibbiyu. A 1853, lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth yake shirin tafiya Tumbuktu, ya sayi tabar Katsina a cikin guzurinsa, domin tana da daraja har a can. Da ya bar birni ya nufi Sakkwato, ya bi ta Kuraye da Kurfi ta wancan zamani, ya kuma bayyana ƙarfin ganuwarta. Ke nan wannan yanki yana kan hanyar da taba da fatakenta suke bi. Ana amfani da ita iri uku: a daka ta gari a zuba a baki ko a shaƙa, mata su rina haƙora da furenta, ko kuwa a ɗura ta a lofe a sha hayaƙi. Na ukun ne kaɗai yake bukatar wuta.

Garwashi

A cikin gari wuta ba ta mutuwa. Akan binne gungume a toka da dare, da safe a tona a hura. Gidan da tasu ta mutu sai a aiki yaro maƙwabta da katanga ko kara ya ɗebo. Mai lofe yakan ɗauki ƙaramin garwashi ya aza a kan tabar, ya ja sannu a hankali har ta kama. Wannan hanya ba ta cin ko wuri ɗaya, ba ta kuma ɓata ɗanɗanon taba, domin garwashin da ya ci ya nuna ba shi da hayaƙi. Amma tana da sharaɗi: sai mutum yana kusa da murhu, ko maƙera, ko tukubar mai tsire. Wanda ya ɓata da maƙwabtansa kuwa, wutarsa ma takan yi wuyar samu.

Ƙyastu

Manomi a gona mai nisa, da maharbi, da makiyayi, da falke a zango, ba su da murhun kowa. Abin dogaronsu shi ne ƙyastu: ɗan ƙarfe, da ƙanƙara, da auduga, a cikin 'yar jakar fata. Yadda abin yake aiki shi ne, dutsen ya fi ƙarfen tauri, saboda haka idan aka ƙyasta sai ya kankaro ɓarɓashin ƙarfe mai tsananin zafi, ya faɗa kan audugar rimi ko audugar da aka babbaka, ta fara ci ba tare da harshe ba. Daga nan a hura, a ɗora a bakin lofe. Iskar hunturu da take kashe harshen wuta ita ce take ƙara rura irin wannan. Babban abokin gabarsa shi ne laimar damina.

Abin lura a nan shi ne yawan hannayen da suke cikin wannan ɗan ƙaramin aiki. Maƙeri ya ƙera ƙarfen ya kuma ƙarfafa shi, baduku ya ɗinka jakar, magini ya gina kan lofen da yumɓu ya gasa, manomin fadama ya noma tabar, dutsen kuwa ga shi nan a ƙasar da sunanta ma daga dutse ya samo asali. Babu ɗaya daga cikin kayan nan da ya ƙetaro teku. Kuma ƙyastu guda yakan yi wa mutum shekaru, har ɗa ya gada.

Ashana

A 1826 wani mai haɗa magunguna a Ingila, John Walker, ya gano tsinken da yake kamawa idan an karta shi. Irin wadda ake amfani da ita yanzu, mai kamawa a jikin kwalinta kaɗai, a ƙasar Suwidin aka kyautata ta tsakanin 1844 da 1855. Sunanta ma ya tona asirin hanyar da ta biyo: kalmar ashana aro ce daga Yarabanci, watau daga kudu ta hauro. Bayan da Turawa suka ci Katsina a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911, sai kantunan kamfanoni suka riƙa sayen gyaɗa da auduga suna sayar da gishiri da kananzir da ashana, 'yan koli kuma suna kai su kasuwannin ƙauye.

Ashana ba ta kori ƙyastu nan take ba. Ga mai lofe tana da aibi: warin farar wuta yakan shiga tabar in ba a jira kan tsinken ya cinye ba, iska tana kashe ta, damina tana jiƙa ta, sa'an nan kowane kwali sai da kuɗi. Abin da ya ba ta galaba shi ne sigari. Kamfanin taba ya kafa masana'anta a Zariya a ƙarshen shekarun 1950, karan sigari kuma ya zama alamar wayewa ga samari da ma'aikata, lofe ya koma kayan tsofaffi. Sigari ba ya ɗaukar garwashi a bisa kansa, harshen wuta yake so. Da lofe ya ja baya, sai ƙyastu ya bi shi, maƙeri da magini da baduku kowa ya rasa wani yanki na cinikinsa.

Laita

Laita ƙyastu ce da ta sake kama. Ɗan dutsen da yake cikinta wani haɗin ƙarfe ne da Carl Auer von Welsbach na Austiriya ya fito da shi a 1903, sai dai tartsatsin yana kama mai ko gas maimakon auduga. A 1973 kamfanin Bic na Faransa ya fito da irin wadda ake yarwa idan ta ƙare. Mai tebur yakan ɗaure ɗaya da zare domin wanda ya sayi kara guda ya kunna a wurin. Ta haka ɗiban wuta ya dawo, amma yanzu a hannun mai sayarwa yake.

Kammalawa

A cikin ƙasa da shekara ɗari, wutar da ake samu daga maƙwabci ko maƙerin unguwa ta koma hajar da ake saya da kuɗi daga nesa. Wannan bai zama yabo ga taba ba: ilmin likita ya tabbatar da cewa hayaƙinta yana jawo ciwon daji da ciwon zuciya ko da me aka kunna ta, Nijeriya kuma ta kafa dokar taƙaita shanta a 2015. Taba ta bambanta da garin gero, in ji masu magana. Abin da ya cancanci a adana shi ne sanin da yake tattare da ƙyastu. Dattawan da suka riƙe shi da hannunsu suna ƙarewa. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana tsakiyar wannan ƙasa. Ya kamata ɗalibanta na tarihi da na Hausa su shiga maƙerun Kurfi da ƙauyukan Dutsin-Ma, su tattara ƙyastu da lofe da sunayen sassansu, su rubuta yadda ake ƙera su tun masu bayani suna da rai.