Latin a Filato: Daga Cocin Shendam Zuwa Tambarin Jami'ar Jos

A shekarar 1907 limaman Katolika na ƙungiyar SMA suka sauka a Shendam, kuma tare da su harshen Latin ya shigo ƙasar Filato. Sannu a hankali coci ya kafu har cikin Jos, garin da haƙar kuza ta tara Birom da Afizere da Anaguta da Hausawa da Yarbawa da Ibo. Ran Lahadi limami yakan fuskanci bagade yana addu'a da Latin, jama'a na amsawa da abin da suka haddace. Ma'ana kuwa sai malamin coci ya yi bayani daga baya.

Haka aka yi ta tafiya har babban taron Vatikan na 1962 zuwa 1965. A 1963 taron ya buɗe ƙofar yin ibada da harsunan jama'a. Nan fa aikin fassara ya kankama, aka juya addu'o'i zuwa Turanci da Hausa, tsohuwa da ɗan lebura suka fara jin abin da bakinsu ke faɗa.

Ta fannin boko ma labarin ke nan. Jami'ar Ibadan, wadda aka kafa a 1948 ƙarƙashin Jami'ar Landan, ta ɗauki takenta da Latin: Recte Sapere Fons. An tsakuro shi ne daga hikimar Horace, mawaƙin Rum, ana kuma fassara shi da cewa tunani madaidaici shi ne mafarin ilimi. A 1971 Ibadan ta buɗe reshe a Jos. Da reshen ya tsaya da ƙafafunsa a 1975, bai gaji Latin ɗin uwa ba. Jami'ar Jos ta rubuta nata da Turanci: Discipline and Dedication, wato ladabi da sadaukarwa. Dama Arewa na da tata hanyar: Kwalejin Barewa da Larabci ta yi nata taken, Man Jadda Wajada, wanda ya yi ƙoƙari zai samu.

Inda Latin ya ƙi tashi shi ne kotu. Har yau alƙali kan ce an ɗage shari'a sine die, mai ƙara ya fito yana tambayar lauyansa ranar dawowa, alhali nufin shi ne sai baba ta gani.

Jama'a, take alkawari ne da makaranta ko hukuma ke ɗauka a gaban mutane, kuma ba a riƙe mutum da alkawarin da ba a fahimta ba. Magabata sun sauko da shi daga Latin zuwa Turanci. Saura namu: mu kai shi cikin Hausa da Birom da Angas da Tarok, yadda uwar da ta biya kuɗin makaranta za ta san abin da ke rubuce a ƙirjin rigar ɗanta, ta kuma tambayi malamai ko sun cika shi.