Tarihin Sarƙar Rajista da Biyan Mawaƙa a Ƙasashen Turawa

Tun zamanin faifan garmaho, kuɗin waƙa ba ya isa hannun mawaƙi sai ya ratsa hannuwa da yawa: na mai kanti, da na kamfanin buga faifai, da na ƙungiyar da ke karɓar haƙƙin marubuta, kowa kuwa da tasa la'ada. Sa'ad da kamfanin Spotify na ƙasar Suwidin ya buɗe cikin 2008, mutane suka koma sauraron waƙa ta intanet ba tare da sun saye ta ba, amma hannuwan nan ba su ragu ba. Kamfanin yakan tara kuɗin wata, ya ware wajen kashi biyu cikin uku domin masu haƙƙi, sa'an nan ya raba bisa ga yawan sauraron da kowace waƙa ta samu. Abin da ke faɗo wa sauraro guda bai kai senti ɗaya ba, shi ma sai bayan watanni.

Wannan jinkiri da yawan dillalai su suka sa waɗansu suka juya ga dabarar da Turawa ke kira bulokcen. Ma'anar kalmar ita ce sarƙar tubala, amma "sarƙar rajista" ta fi bayyana aikinta, gama littafin lissafi ne wanda kwamfutoci masu yawa ke riƙe da kwafinsa, kowane shafi a ɗaure da na bayansa, har ba mai iya kankare layi ɗaya sauran ba su gane ba. Da kuɗin Bitcoin ta fara aiki cikin 2009. Cikin 2015 aka buɗe wata mai suna Ethereum, wadda ake iya rubuta yarjejeniya a cikinta ta zartar da kanta, watau da shigar kuɗi sai su rabu nan take, kowa ya ga kasonsa, ba akawu, ba jiran ƙarshen wata.

Wadda ta fara gwada abin a idon jama'a ita ce Imogen Heap, mawaƙiyar Ingila. Cikin watan Oktoba na 2015 ta fitar da waƙarta Tiny Human ta hannun wani ƙaramin kamfani, Ujo Music, a kan senti 60. An rubuta kason kowa a fili, da nata, da na makaɗan da suka taya ta, da na wanda ya gyara sauti. Dabarar ta yi aiki yadda aka tsara, jaridu kuma suka yi ta yayatawa. To, amma da aka zo lissafi, abin da aka tara duka dala 133 ne da senti 20, watau masu saye 222. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Kafin mutum ya sayi waƙar sai ya buɗe asusu na musamman, ya nemi kuɗin Ether ya saya, alhali a lokacin masu sanin hanyar wannan 'yan kaɗan ne. Lalle an nuna rabo yana yiwuwa ba dillali, sai dai abin da za a raba ne bai taru ba.

Kamfanin Audius, wanda aka kafa a Amurka cikin 2018, ya bi wata hanya dabam. Ya bar sauraro kyauta domin ya tara jama'a, ya kuwa tara. Da fari ba ya biyan kome a kan sauraro. Cikin Oktoba na 2020 ya ƙirƙiro nasa sulen mai suna AUDIO, ya rarraba wa mawaƙa da masu sauraro, ya riƙa ba da tukuici da shi ga waƙoƙin da suka yi fice a mako. A nan akwai abin lura. Darajar wannan sule ba daga kunnen mai sauraro take fitowa ba, daga kasuwar masu saye domin jiran riba take fitowa. Ya hau ƙwarai cikin 2021, daga baya ya zube fiye da kashi tara cikin goma. Mawaƙin da aka biya da shi ya zama ɗan kasuwa ko yana so ko ba ya so. Har wa yau, cikin Yuli na 2022 wani ya gano kafa a cikin yarjejeniyar da ke tsaron baitulmalin Audius, ya kwashe sule miliyan 18 masu darajar wajen dala miliyan 6, ya sayar da gaggawa a kan kimanin miliyan ɗaya. Rajista ta rubuta satar daidai kamar yadda take rubuta cinikin halal.

Akwai kuma wata matsala da ta girmi waɗannan duka, ita ce sanin mai haƙƙi. Waƙa ɗaya tana da haƙƙi iri biyu, na wanda ya tsara ta da na wanda ya ɗauki sautinta, kowanne kuma yana iya rabuwa tsakanin mutum goma, waɗansu sun mutu, waɗansu sun sayar da nasu. Sarƙar rajista tana tsare abin da aka rubuta mata, amma ba ta san ko gaskiya aka rubuta ba. Spotify kansa, bayan da ya shirya da masu buga waƙoƙi na Amurka cikin 2016 a kan haƙƙin da bai biya ba, ya sayi wani kamfanin sarƙar rajista mai suna Mediachain cikin 2017 domin wannan aiki. Duk da haka maganin da Amurka ta ɗauka na tsohon salo ne. Majalisarta ta yi doka cikin 2018, aka kafa ofis guda da rajista guda a birnin Nashville. Cikin Fabrairu na 2021 kamfanonin sauraro suka miƙa wa wannan ofis dala miliyan 424, kuɗin waƙoƙin da aka saurara shekara da shekaru ba a san wanda za a biya ba, ma'aikatansa kuma suka shiga neman masu su ɗaya bayan ɗaya.